Gaisuwar Dattijo

Auduga ce ta tona asirin. Ludwina Tanghe ta tsoma ta a ruwan sifirit, ta goga kaɗan a gefen hoton, can ƙasa inda ido ba ya kaiwa, ta ɗago ta duba a hasken taga. Audugar ta yi baƙi ƙirin. Fentin mai da ya shekara ɗari biyar a jikin katako ba ya biyo auduga, ya riga ya daskare ya zama ƙashi. Wannan kuwa ya biyo ta kamar baƙin tukunya.

A bayanta maharban ƙauyen Wulverdam sun yi cirko-cirko suna jiran yabo. Shugaban ƙungiyarsu, Remi Callewaert mahauci, shi ya kira ta daga birni, don wani gidan tarihi a Bruges yana son aron hoton, kuma sai gwani ya tabbatar da shekarunsa da darajarsa. Ludwina kuwa aikinta ke nan. A nuna mata tsohon hoto ta faɗi asalinsa, in an sace shi ta bi sawu har ramin da aka cusa shi. Ga shi 'yar gida ce, a ƙauyen aka yanke mata cibiya.

"To, 'yar Tanghe, yaya?" in ji Remi yana shafa tumbi. "Faɗa a ji. Dattijonmu ya fi ƙarfin duk tarkacen da suka tara a can."

Dattijo suke ce wa mutumin da ke cikin hoton, wanda ya kafa ƙungiyar. Baƙar riga ce a jikinsa mai wuyan gashin dabba, kibiya a hannun dama, ga wasu idanu masu sanyi da ke bin mutum duk inda ya tsaya a zauren ƙungiyar. Ba maharbin da ke ƙetare bakin ƙofar nan bai kai hannu ga hularsa ya ce "Barka, Dattijo" ba. Uban kowa ya yi, kakan kowa ya yi. Ko ɗazu haka suka yi ta shigowa ɗai-ɗai, kowa da gaisuwarsa, har kawunta Odiel ya zo a makare, hannuwa cikin aljihun kwat, ya wuce kai tsaye kujerarsa ta gindin murhu.

Ta sa gilashi a ido ta bi tsagogin da ke fuskar. Tsohon fenti da kansa yake tsattsagewa, yana bin jijiyar katako. Waɗannan da allura aka ja su, aka cika da kunkunniya. Ta sa aka juya hoton. Katakon tsoho ne, ba musu, amma ga ramukan ƙusa a jere a gefe ɗaya, an toshe su da kakin kyandir. Murfin kabad ne.

"Wannan ba shi ba ne," ta ce. "Bai kai shekara uku da zanawa ba."

"Ba shi ba ne kamar yaya?"

"Kamar yadda ka ji, Shugaba. An ɗauke Dattijo, an rataye muku wani."

Ruwan sama na ta ƙara a kan rufi. Makullan wurin uku ne, kowa ya sani. Ɗaya yana hannun Remi. Ɗaya yana hannun Odiel, don shi ne Kaisar, wanda ya kakkaɓo tsuntsun katako daga kan doguwar sanda shekara uku a jere, kuma Kaisar da makullinsa ake binne shi. Na ukun yana hannun Staf Bonte, mai kula da zauren. Kafinta ne. Kafinta kuwa, ga maganar tsohon katako! Ludwina tana kallo kawuna suka fara juyawa a hankali, duk gefe guda.

Wani daga baya ya ce, ba da ƙarfi ba, "Ɗan Bonte dai."

*

Kafin kwana biyu ƙauyen ya gama shari'a ya yanke hukunci. Uban Staf ya taɓa sace fitilun azurfa na coci, a kurkuku ya mutu, kuma Wulverdam ba ta iya mantuwa ba. Staf ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana wanke sunan nan. Ranar da aka damƙa masa makullin zauren, an ce kuka ya yi.

Ludwina ta iske an kafe mataccen hankaka da ƙusa a ƙofar shagonsa. Matarsa Irma tana fama da filaya tana son cire shi.

"Kin ga aikinki?" in ji Irma, ko kallonta ba ta yi ba. "Kin zo da 'yar audugarki kin goga, kin koma gefe. Yau mai burodi ƙin kallona ya yi. Ni da na yi jinyar uwarsa har ta cika!"

"Ina yake?"

"Yana ciki. Jiya a bakin madatsar ruwa na samo shi, tsaye, ya ƙura wa ruwan ido. Na ce me kake nema, wai iska yake sha. Iska, Ludwina, ana tsuga ruwa!" Ƙusar ta fita, hankakan ya faɗi a ƙafarta. Sai a lokacin ta juyo, idanunta jawur. "Ranar Lahadi za su karya kibiyarsa. Na san mijina. In suka karya, ba zai ga Litinin ba."

Haka ƙungiyar ke korar mutum. Kaisar ya ɗauki kibiyar mutumin a gaban kowa, ya karya ta a gwiwa, ya jefa a murhu. Wanda aka yi wa haka, ko gawarsa ba maharbin da zai ɗauka.

Staf yana zaune cikin dusar katako, hannuwa a kan cinya, ya zama kamar wanda aka zare wa laka.

"Duba duk inda kike so," ya ce.

Ta duba ɗin, don ba ta zo yin kara ba. Ta ɗaga katakai, ta shinshina gwangwanayen fenti, ta leƙa har ƙarƙashin tebur. Sannan ta ba shi labarin ramukan ƙusa da kakin kyandir. Nan ne kaɗai ya ɗan motsa.

"Kyandir? Ni zan toshe rami da kyandir? Haba, Ludwina. Ko a buge nake ai na fiƙe ɗan itace na cusa."

"Na yarda, amma wannan ba zai ishe su ba. Hoton nan ba a kwana ɗaya aka zana shi ba. Ta yaya bango zai zauna wayam makonni ba wanda ya gani?"

"Sai dai hunturun bara waccan. Kin san in maharbi ya rasu ana lulluɓe Dattijo da baƙin ƙyalle har sai an yi addu'ar mako shida, kuma ba mai ɗagawa. Mutum biyu muka rasa a jere. Kusan duk hunturun a rufe yake." Ya ɗan ɓata fuska. "Wata safiya ma na iske an share ƙasan wurin. Na ɗauka Shugaba ne. Na dai yi mamaki, don Remi bai san ta inda ake riƙe tsintsiya ba."

*

Remi yana shagonsa a bayan kanta yana datsa haƙarƙarin alade. Mata biyu da ke jiran nama suka ga Ludwina, suka ƙi tafiya.

"An ce an gan ka da wani dillalin hotuna daga Antwerp," ta ce. "Har gida ka kai shi, ka dafa masa zomo."

Wuƙar ta tsaya. Wuyansa ya yi ja. "Wace munafukar ce ta gaya miki?"

Matan biyu suka duƙufa kallon tsiren hanji kamar ba su taɓa ganin irinsa ba.

"E, ya zo," in ji Remi. "Ya yi ta zuba zaƙin baki, ni kuma na saurara, rufin zauren yana yoyo. Na kai maganar gaban kawunki, saura kaɗan ya fasa mini kai da kujera. Wai sai dai a bi ta kan gawarsa. Shi ke nan magana ta mutu."

"Yaushe?"

"An fi shekara huɗu. Ke, 'yar Tanghe, in ni na sace, hauka nake da zan kira ki da bakina? Wa ma ya so ya hana ni kiranki in ba kawunki ba? Ya ce a bar Dattijo inda yake, iskar birni ba ta yi masa."

Ta fita da wannan maganar tana yi mata yawo a ka. Ta ture ta gefe. Kawu Odiel ne fa, yayan mahaifiyarta, wanda ya riƙe ta tun tana 'yar mitsitsiya da ubanta ya rasu. Shi ya koya mata karanta sawun zomo a gona, ya ce mata kar ta saurari bakin mutum, ta dubi ƙafarsa da hannunsa.

*

Ta karɓi makullin Remi ta koma zauren ita kaɗai. Dogon wuri ne mai sanyi, warin tsohuwar giya da hayaƙi ya kama bangonsa. Da hunturu a nan suke harbi, a jera tsuntsayen katako a can ƙurya, a yi ta auna su da kibiyoyi masu kan ƙaho, marasa tsini. Hoton yana gefen hagu, can sama, nesa da inda kibiyar mai hankali za ta bi.

Idanun jabun suna bin ta. Wanda ya zana shi ya iya, tsakani da Allah, har sai da ta ji tsigar jikinta ta tashi.

Ta sauke shi, ta shafa bangon da tafin hannu. Farar ƙasa ce ko'ina, amma a wuri guda ta ji laushin sabon shafe. Ta kankare da farce. Ga ɗan rami zagayayye, daidai girman kan kibiya.

Ta durƙusa ta bi tsakanin katakan daɓe da tsinken gashinta, layi bayan layi, har gwiwoyinta suka yi tsami. Wanda ya share wurin ya yi ƙoƙari, amma tsintsiya ba ta shiga rami. Ta zaro wani ɗan sili, bai kai tsawon yatsa ba. Gefe ɗaya katako ne da ya yi duhu don tsufa, ɗaya gefen baƙin fenti. Ta goga masa sifirit. Audugar ta fito fara tas.

Ta zauna daɓas a ƙasa. Ashe ba sata aka yi ba. Harbin Dattijo aka yi.

*

A duk yankin mutum ɗaya ne zai iya zana fuska haka, Firmin mai gyaran gumakan coci, shi kuwa bara aka binne shi. Matarsa Zulma ta zuba mata kofi baƙi wuluk, ta tura mata farantin biskit.

"Firmin? Allah ya ji ƙansa, jarababbe," in ji tsohuwar. "Hunturun bara waccan ya kulle kansa a rumfar baya, ko abinci sai dai in ajiye a ƙofa kamar na kare. In na yi magana ya ce aikin sirri ne. Murhu kuwa dare da rana yana ci, wai fenti yake busarwa. Gawayina kaf ya ƙarar!"

"Wa ya ba shi aikin, Inna?"

"Oho. Ya rantse wa mutumin, kuma Firmin in ya rantse, ko Fadan coci bai isa ya ji ba. Amma ko sisi bai karɓa ba, wannan na sani, don na caje aljihunsa."

"Staf yana zuwa nan?"

"Ɗan Bonte? Sau ɗaya, ya gyara mini taga." Ta kurɓi kofi. "Abin da na sani, duk Asabar sai mu iske kwandon tuffa a bakin ƙofa. Har Firmin ya mutu ba a fasa ba. Na Asabar ɗin da ta wuce ma ga shi can."

Ludwina ta dubi kwandon. Tuffa ne masu ɓawo ruwan ƙasa, irin na ajiya. Rabin gidajen Wulverdam suna da irin bishiyar nan a bayan gida, ta gaya wa kanta haka har sau biyu. Amma ta ture farantin biskit ɗin, ta miƙe.

*

Ranar Asabar ta je cin abincin rana gidan kawunta, kamar yadda take yi duk sanda ta zo gida. Ta iske shi a lambu, dogo, miƙaƙƙe duk da tsufa, hula a ka, hannuwa cikin aljihu.

"'Yar birni ta tuna da mu," ya ce. "Kin gama rarrafe a zauren mutane? An ce har gindinki ya yi fari."

"Kai ka koya mini rarrafen, Kawu."

"Na koya miki bin zomo, ban koya miki tayar da ƙauye tsaye ba. Mu je, miya za ta huce."

Ya shige gaba, tana biye. Hanyar kicin ta bi ta gaban ɗan ɗakin da yake ajiye tuffa, mai koren ƙyaure. Yana cikin yi mata ƙorafin tantabarunsa da shaho ya addaba, bai ko kalli ƙyauren ba. Amma suna zuwa daidai wurin, hannunsa na dama ya fito daga aljihu, ya taɓa bakin hula, ya koma. Leɓunansa suka ɗan motsa. Bai ma san ya yi ba.

Ita kuwa ta gani. Ta ga gaisuwar, ta kuma ga hannun, yana karkarwa kamar ganye a iska. Nan take ta tuna ranar auduga, yadda ya shigo zauren ya wuce kai tsaye. Da za a ba ta zaɓi a lokacin, da ta zaɓi makanta.

A tebur ya ce ya riga ya ci, ya zauna yana kallonta, hannuwa a ƙarƙashin tebur. Kabad ɗin kakarta yana nan a kusurwa, an rataya masa labule a gefe ɗaya a maimakon murfi.

"Kawu, gobe kai za ka karya kibiyar Staf?"

"Al'ada ce."

"Irma ta same shi a bakin madatsa."

"Bonte duk haka suke, ba su da ƙashin baya."

"Bai ɗauki komai ba, Kawu. Ka san bai ɗauka ba."

Ya dube ta, irin kallon da yake mata tana yarinya in ta yi ƙarya. Yau kuwa ba ita ce mai ƙaryar ba.

"Ci abincinki," ya ce.

Ta ajiye cokali. Ta ba shi daren nan guda, tana roƙon Allah ya sa gobe ya buɗe baki da kansa.

*

Lahadi bayan an taso daga coci zauren ya cika. Mata da yara sun yi dafifi a tagogi. An mayar da jabun bango, don Ludwina ta ce a mayar. Staf yana tsaye a tsakiya cikin kwat ɗin aurensa, Irma a bakin ƙofa ta rungume hannuwa. A kan tebur ga kibiyarsa mai jan zare, murhu kuwa an cika shi da gawayi yana ta huci.

Remi ya yi 'yan maganganu yana share gumi, sannan ya ce, "Kaisar, bisimilla."

Odiel ya miƙe. Ludwina ta ƙura masa ido. Ya tako har gaban tebur, ya tsaya. Yanzu zai faɗa, ta ce a ranta, yanzu. Sai ya zaro hannu da sauri, ya damƙi kibiyar da ƙarfi don kar a ga rawar, ya ɗaga gwiwa.

Ashe da gaske karyawa zai yi.

"Dakata!" Muryarta ta fito da kaushi har ita kanta ta ji baƙuwa ce. "Shugaba, kafin a karya, ina roƙon abu ɗaya. Kowa ya fita, ya sake shigowa."

"Wane irin wasan yara ne wannan?"

"Kai ka kira ni. Ka bar ni in gama aikina."

Aka yi ta gunaguni, amma Odiel ya ajiye kibiyar, aka fita cikin yayyafi, aka sake shigowa ɗai-ɗai. Remi ne a gaba. Yana ƙetare ƙofa hannunsa ya tafi ga hula, "Barka, Dat..." ya haɗiye sauran, ya yi tsaki. Na bayansa ma haka. Wani ya kama kansa hannu a sama, ya wayance da sosa kunne. Har Staf, da ake shirin kashewa da rai, ya taɓa hula ya yi gaisuwa. Odiel ne na ƙarshe. Ya shigo, ya wuce kai tsaye.

"Kun gani?" in ji Ludwina. "Mako guda ke nan kun san wannan jabu ne, amma hannuwanku ba su yarda ba tukuna. Abin da hannu ya saba tun yarinta ba ya bari a mako guda. Mutum ɗaya ne hannunsa ya daɗe da sani. Tun ranar da na zo, kafin in buɗe baki, bai gaishe shi ba."

Ba ta ambaci suna ba, ba ta kuma buƙata. Kawunan nan suka sake juyawa a hankali, wannan karon wani gefen.

"Ƙarya ne!" wani ya yi ihu. "Kaisar ne fa! Kafaɗarsa ke ciwo, kowa ya sani!"

Ta ɗora ɗan silin a kan tebur. "Wannan daga jikin Dattijo na gaskiya ya fito. A bayan hoton akwai ramin kibiya a bango. Ba ɓarawo ba ne, maharbi ne da kibiya ta kuɓuce masa." Ta juya ga kawunta, hawaye sun cika mata ido, ba ta damu ta ɓoye ba. "Kawu, wa kake gaisarwa a ƙofar ɗakin tuffa?"

Odiel ya daɗe a tsaye. Sannan ya zaro hannuwansa duka biyu daga aljihu, ya miƙa su gaba, a gaban mutanen da suka shekara arba'in suna ba 'ya'yansu labarin hannuwan nan. Suna rawa, rawa mai muni, ba mai iya tsayar da su. Wata mata a taga ta ce, "Wayyo Allah."

"Ba kafaɗa ba ce," ya ce. "Da sassafe nake zuwa ni kaɗai, in gwada ko za su ji maganata. Ran nan na ja baka, yatsuna suka saki da kansu. Yana lulluɓe da baƙin ƙyalle, na ji ƙarar. Na ɗaga, na gani." Ya dubi jabun. "Kaisar ya harbi Dattijo. Da wane baki zan faɗa?"

"Shi ne ka zaɓi mijina ya mutu?" Irma ta tako cikin zauren, inda mace ba ta shiga ranar taro, ba kuwa wanda ya hana ta. "Kana ji aka kafa mana hankaka a ƙofa! Ɗazun nan kibiyarsa tana hannunka!"

Odiel ya mayar da hannuwa aljihu, ya nufi ƙofa.

*

Duk ƙauyen ya bi shi cikin ruwa har gidansa. Remi ne ya buɗe koren ƙyauren. Ƙamshin tuffa ya buso. A can ciki, a kan wata kanta tsakanin kwanduna, an jingine hoton an lulluɓe da bargon marigayiya matar Odiel. Ludwina ta yaye.

Katakon ya tsage tun daga sama har ƙasa. A kuncin hagu, ƙasan ido kaɗan, ga gurbin kibiya. Amma idanun suna nan da sanyinsu, sun fi na jabun nauyi nesa ba kusa ba. Huluna suka sauka gaba ɗaya.

"Zai gyaru?" Remi ya tambaya da raɗa.

Ta sa gilashi ta bi tsagar, don aikinta ne, kuma don kar ta dubi kawunta. "Shi ne, na gaskiya ne. Zai haɗu. Amma tabon ba zai ɓoyu ba, duk wanda ya matso zai gani."

A waje, mutanen da suka ƙi gaishe da Staf mako guda sun fara matsowa kusa da shi, wannan ya dafa kafaɗa, wancan ya ce shi dama bai taɓa yarda ba. Mai burodi har da cewa Irma ta aiko a karɓi na gobe. Staf bai kula kowa ba.

Odiel ya fito daga ɗakin, ya ratsa su, ya tsaya a gabansa. Tun da Ludwina ta yi wayo ba ta taɓa ganin kawunta ya cire wa mai rai hula ba. Ya cire. Ya riƙe ta da hannu biyu, tana ta karkarwa, ruwa yana dukan furfurarsa.

"Staf," ya ce.

Staf ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya sa hannu a wuya, ya ciro igiyar da makullin zauren ke rataye a jiki, wadda ko wanka ba ya cirewa. Ya saka makullin a cikin hular.

"Mayar da hularka, Kaisar," ya ce. "Ana ruwa."

Ya kama hannun Irma suka fita. Ludwina ta bi su da ido har mararraba, don hanyar hagu ita ce ta madatsa. Suka yi dama, hanyar gida.

Da ta juyo, mutane sun watse. Kawunta yana nan tsaye inda aka bar shi, makullin yana ta ƙara a cikin hula saboda rawar hannu. Ta je ta riƙe masa hannuwan da nata biyu. Bai dube ta ba, amma bai ƙwace ba.